Ƙwallon Amurka: Tsakanin Gasar Jami'o'i da NFL, Ina Ƙarami Ya Fi Kayar da Babba?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne ɗan Zariya, ban daɗe da zuwa karatu Amurka ba, kuma abokan zamana sun ja ni cikin kallon ƙwallonsu. Kullum musu ake yi a ɗaki. Ɗaya ya ce a gasar jami'o'i ne aka fi ganin ƙaramar ƙungiya ta kunyata babba, ɗayan ya ce a'a, a NFL, gasar ƙwararru, ne kowa ke iya doke kowa. Ni dai na ga yadda aka yi ta murna da Vanderbilt ta doke Alabama. Wa ke da gaskiya a cikinsu, kuma mene ne dalili?"

Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Musun abokan naka ba zai ƙare ba muddin ba su gane cewa ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Wanda ya ce NFL yana magana ne a kan yawan faruwa: idan ka rufe ido ka zaɓi wasa ɗaya cikin jadawali, a wace gasa ce wadda ba a sa ran za ta ci ba ta fi yawan yin nasara? Amsar wannan NFL ce, kuma babu tantama. Wanda ya ce jami'a kuwa girman abin yake dubawa, wato irin kayen da za a shekara ashirin ana labarinsa. Wannan kuma a jami'a kaɗai ake samunsa. In aka matsa mini in ɗauki ɓangare, zan tsaya wa mai cewa NFL, domin ka tambayi inda abin ya fi yiwuwa ne, ba inda ya fi tayar da ƙura ba. Amma akwai wata gaɓa ta uku da ba kasafai ake kawo ta a irin wannan musu ba, kuma a can ne jami'a ke da 'yar hujja ta gaske. Zan zo kanta.

Aikina koyar da ilimin ƙididdiga ne, kuma na daɗe ina amfani da sakamakon wasannin nan a aji, saboda da wuya ka samu wani fage da ake yin hasashe a fili ranar Litinin, a ga sakamako ranar Asabar ko Lahadi, kowa na kallo. Daga nan zan amsa maka.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi

Kafin a ce an yi bazata, sai an san abin da aka zata. Ma'auni mafi inganci shi ne tazarar maki da kamfanonin caca na Las Vegas ke fitarwa kafin kowane wasa. Ba ina nuna maka hanyar caca ba ne, ka san hukuncinta a wurinmu. Na ɗauki lambar ce a matsayin awo, domin mutanen da ke fitar da ita dukiyarsu ce ke tafiya idan suka yi kuskure, shi ya sa hasashensu ya fi na 'yan jarida da na magoya baya kusa da gaskiya. Idan suka ce wance tana gaba da maki 7, suna nufin a ganinsu ta fi abokiyar karawarta da kimanin ci ɗaya, tunda kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, bugun da ke biyo baya kuma maki 1.

A 1991 wani masanin ƙididdiga mai suna Hal Stern ya auna sakamakon wasannin NFL da wannan tazara, ya gano cewa sakamakon gaskiya yakan warwatsu a gefenta, sama ko ƙasa, da ma'aunin karkata na maki 13.86. Wato ko mafi gwanintar masu hasashe, kuskuren ci biyu abu ne na yau da kullum a wurinsu. Da wannan lamba ɗaya za ka iya lissafa damar ƙaramar ƙungiya da kanka. Wadda aka ce tana baya da maki 3 tana da damar nasara wajen kashi 41 cikin 100. Mai maki 7, wajen kashi 31. Mai maki 14, wajen kashi 16. To a NFL yawancin wasanni tazararsu ba ta wuce maki 7, da yawa ma 3 ne ko ƙasa da haka. Shi ya sa idan ka haɗa shekaru masu yawa za ka ga wadda aka raina tana cin kusan wasa ɗaya cikin uku. A babban rukunin jami'o'i kuwa abin ya fi kusa da ɗaya cikin huɗu, saboda can tazarar maki 20, 30, har 40 ba baƙon abu ba ne, musamman a watan Satumba.

Dalilin da ya sa tazara ba ta faɗi a NFL

Ba haka kawai abin ya zo ba, da gangan aka gina gasar a haka. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace da 'yan wasa 53, kuma tun 1994 akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe wajen albashi. A kakar 2024 iyakar dala miliyan 255.4 ce, ga Dallas mai arziki, ga Green Bay da ke garin da mutanensa ba su wuce 110,000 ba. Kuɗin talabijin na ƙasa daidai ake raba shi. Sannan ga zaɓen sababbin 'yan wasa da aka faro tun 1936, inda wadda ta zo ta ƙarshe a kaka ita ce ke fara ɗaukar wanda ta ga dama cikin matasan da suka fito daga jami'a. Cincinnati ta ci wasa 2 ta sha kashi a 14 a 2019, ta ɗauki Joe Burrow, mai jefa ƙwallon da ke jan ragamar hari, a 2020, a Fabrairun 2022 sai ga ta a wasan ƙarshe na Super Bowl. Washington ta ci 4 cikin 17 a 2023, ta ɗauki Jayden Daniels, ta ci 12 a kaka ta gaba. Har jadawali ma akan ɗan sassauta wa wadda ta yi rauni, domin wasu wasanninta ana haɗa ta ne da waɗanda suka ƙare a matsayi irin nata.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, mafi raunin ƙungiya a NFL cike take da mutanen da suka kasance taurari a jami'o'insu. Ɗan benci a can shi ne wanda garinsu gaba ɗaya ke alfahari da shi. Saboda haka kalmar "ƙaramar ƙungiya" a NFL ba ta da nauyin da take da shi a jami'a. A Disambar 2020 New York Jets ta je Los Angeles ba ta ci ko wasa ɗaya ba cikin 13, an ce tana baya da maki 17, ta doke Rams 23 da 20. Wannan yana cikin manyan bazata a tarihin gasar, amma lissafin Stern ya ba ta damar wajen kashi 11 cikin 100, abin da ba za a kira shi mu'ujiza ba. Haka Jets ɗin dai a Janairun 1969, da mai jefa ƙwallonsu Joe Namath ya yi alƙawarin nasara a bainar jama'a, suka doke Baltimore Colts 16 da 7 alhali an ce suna baya da maki 18. Wajen nan ne rufin bazata yake a NFL. Tazara mafi girma da aka gani a zamanin nan ita ce ta Denver a kan Jacksonville a 2013, wadda aka buɗe ta da maki 28, Denver ta ci 35 da 19. A jami'a maki 28 abu ne da za ka gani sau da yawa a Asabar guda.

Jami'a: inda ƙarfi ke taruwa wuri ɗaya

A babban rukunin jami'o'i ƙungiyoyi sun haura 130, ga kuma rukuni na ƙasa da shi wanda ake gayyato makarantunsa su zo su buga. Babu zaɓen da ke fifita mai rauni. Yaro ne ke zaɓar inda zai je, kuma yaron da ya fi kowa ƙwarewa a sakandare zai so Alabama, Georgia, Ohio State ko Texas, inda ake cin kofi, ake fitowa a talabijin, ake wucewa NFL. Nasara na jawo gwanaye, gwanaye na jawo nasara. Duba wannan: a ƙarƙashin koci Nick Saban, Alabama ta ci wasa 100 a jere a kan ƙungiyoyin da ba sa cikin jerin 25 na sama (jerin waɗanda ake ganin sun fi ƙarfi a ƙasa), sai a Oktoban 2021 Texas A&M ta karya lagon da ci 41 da 38. Wasa ɗari, ɗan'uwa. A NFL babu ƙungiyar da ta taɓa cin wasannin lig fiye da 23 a jere. Oklahoma kuwa ta ci 47 a jere tsakanin 1953 da 1957. Hatta wasan ƙarshe na ƙasa, inda ake sa ran ƙarfi ya zo ɗaya, a Janairun 2023 Georgia ta lallasa TCU 65 da 7.

Akwai kuma wasannin da ake saye da kuɗi. Babbar makaranta kan biya ƙarama ta zo gidanta a buga, ba tare da ita ta rama ziyara ba. Ƙaramar ta san abin da ya kawo ta: ta karɓi kuɗin da zai riƙe sashen wasanninta, ta sha kashi, ta koma gida. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mafi yawan waɗannan wasanni kafin a tafi hutun rabin lokaci an gama su, kuma babu mai tuna su.

Sai dai wani lokaci kazar takan haɗiye linzamin. Ranar 1 ga Satumba 2007 Michigan, wadda ke matsayi na 5 a ƙasa, ta biya Appalachian State dala 400,000 ta zo filinta mai cin mutum fiye da 100,000. Baƙin suka ci 34 da 32, bayan Corey Lynch ya tare bugun sanda (buga ƙwallo ta tsakanin sandunan gola don samun maki) na ƙarshe da zai ba Michigan nasara. Bayan mako biyar Stanford, da aka ce tana baya da maki 41, ta je Los Angeles ta doke USC 24 da 23, da mai jefa ƙwallon da ranar ce karon farko da aka fara wasa da shi. A 2017 Howard ta doke UNLV 43 da 40 tana baya da maki 45. A Satumbar 2024 Notre Dame ta biya Northern Illinois dala miliyan 1.4, aka doke ta 16 da 14 a gidanta.

Me ya sa waɗannan ba sa rushe abin da na faɗa da farko? Saboda yawan gwaji. NFL wasa 272 take yi a kakar lig, 16 a mako idan ya yi yawa. Jami'o'in babban rukuni suna yin fiye da 800, a Asabar guda za ka iya ƙirga fiye da 50. A jami'a, ƙungiyar da ke baya da maki 28 damarta wajen kashi 4 cikin 100 ce. Ka ɗauka an yi irin wannan wasa sau 100 a kaka: huɗu za su kife, kuma huɗun nan su ne za a yi ta nunawa har ƙarshen shekara, 96 ɗin da suka tafi yadda aka zata babu mai ambatonsu. Ina yawan sa ɗalibaina su rubuta bazatar da suke tunawa, sannan mu buɗe jadawalin wannan makon mu ƙirga wasannin da babba ya ci ba tare da gumi ba. Nan take suke ganin yadda tunani ke riƙe abin mamaki ya watsar da abin da aka saba.

Inda abokinka mai son jami'a yake da gaskiya

Yanzu ga gaɓa ta uku. Ka ɗauki wasa biyu masu tazara ɗaya, misali maki 14 a NFL da maki 14 a jami'a. A nan ƙaramar ƙungiyar jami'a ta ɗan fi dama, domin sakamakon jami'a ya fi warwatsuwa. Masu lissafi kan yi aiki da ma'aunin karkata na wajen maki 16 a maimakon 14. Da shi, mai baya da maki 14 damarta ta tashi daga kashi 16 zuwa wajen 19, mai maki 7 kuma daga 31 zuwa 33. Bambancin ba shi da yawa, amma yana nan, kuma dalilansa su ne suka fi ba ni sha'awa a wasan gaba ɗaya.

Na farko shekaru. Waɗannan yara ne 'yan 18 zuwa 23, suna da lacca da jarrabawa, kuma doka ta ƙayyade musu awa 20 na atisaye da wasa a mako. Yaron da ya yi abin mamaki makon jiya a gaban iyayensa zai iya ruɗewa yau a filin baƙi idan mutum 100,000 suka tashi da ihu. Idan mai jefa ƙwallo ya ruɗe, komai ya ruɗe. A wasan Stanford ɗin nan, mai jefa ƙwallon USC ya ji rauni a yatsa, ya ci gaba da wasa, abokan hamayya suka cafke jifarsa sau huɗu. A wasan da kowace ƙungiya ba ta samun ƙwallo fiye da sau goma sha biyu zuwa sha huɗu, kyautar da huɗu ya isa ya cinye kowace irin tazara. Haka masu bugun sanda: na NFL kan ci wajen kashi 85 cikin 100, na jami'a wajen kashi 75, kuma wasanni da yawa a kan bugu ɗaya suke ƙarewa.

Na biyu, salon wasa ya bambanta sosai tsakanin makarantu, alhali a NFL kusan kowa ya san dabarun kowa. Dabarar da ƙarami ya fi dogara da ita ita ce taƙaita wasan. Yawan musayar ƙwallo na taimakon mai ƙarfi ne, domin in an yi ta maimaita gwaji, gaskiyar ƙarfi takan fito. Don haka mai rauni sai ya riƙe ƙwallo, ya yi ta gudu da ita taku kaɗan-kaɗan, agogo na tafiya, gwanayen ɗaya ɓangaren suna tsaye a gefen fili suna kallo. Wasan da ka ambata misali ne mai kyau. Ranar 5 ga Oktoba 2024 Vanderbilt ta riƙe ƙwallo fiye da minti 42 cikin 60, Diego Pavia yana jan ragama, suka ci Alabama mai matsayi na 1 da 40 da 35, nasararsu ta farko a kanta tun 1984. Ɗalibai suka tumɓuke sandar gola suka ɗauke ta a kafaɗa har kogin Cumberland suka jefa. Appalachian State ma haka ta yi wa Texas A&M a 2022, ta ci 17 da 14. Makarantar sojan ƙasa ta Army, wadda ba ta samun manyan 'yan wasa, da wannan dabara ta kai Oklahoma ƙarin lokaci a 2018, ta kai Michigan ƙarin lokaci biyu a 2019, ko da yake duka biyun ta sha kashi da ƙyar. Ƙarin lokacin jami'a kansa yana taimakon ƙarami, tunda ana ajiye wa kowa ƙwallo taku 25 daga ci, daga zagaye na uku kuma gwaji ɗaya-ɗaya ake yi. A haka Illinois ta doke Penn State 20 da 18 a 2021 bayan zagaye tara.

Na uku, kuma wannan ne nake so ka riƙe: wani lokaci ba ƙarami ne ya yi abin mamaki ba, mu ne muka yi kuskuren sanin waye babba. Jerin 25 na sama 'yan jarida ne ke kaɗa masa ƙuri'a, na farkon kaka kuma ana yin sa ne kafin a buga ko wasa ɗaya, a gasar da 'yan wasa ke sauyawa kowace shekara. Texas A&M ɗin da aka kira ta 6 a 2022 ta ƙare da nasara 5 da kashi 7. Florida State ta fara 2024 a matsayi na 10, ta ƙare da nasara 2 kacal cikin 12. Duk wanda ya doke su a Satumba an ce ya kayar da giwa, alhali babu giwa a wurin. Ba duka ke haka ba: Notre Dame da Northern Illinois ta doke ta ci gaba har wasan ƙarshe na ƙasa a wannan kakar. Wannan bazata ce ta gaskiya, irin wadda ba ta da wani bayani sai cewa ranar ta baƙi ce.

Idan aka zo wasannin kifa-ɗaya-ƙwala, NFL ta sake yin gaba. New York Giants ta shiga da nasara 10 da kashi 6 a kakar 2007, ta je ta doke New England 17 da 14 a Super Bowl, New England ɗin da ta ci wasa 18 ba a doke ta ba. Cikin masu tsaron bayan da suka hana Tom Brady, mai jefa ƙwallon New England, sakat a ranar akwai Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, wanda shi ma daga ƙaramar makaranta ya fito, Troy. Pittsburgh a kakar 2005 da Green Bay a 2010 duk a gurbi na shida, wato na ƙarshe a lokacin, suka shiga suka ɗauki kofi. A jami'a kuwa, da aka faɗaɗa gasar kofi zuwa ƙungiya 12 a 2024, wasanni huɗu na zagayen farko duk masu masauki, wato waɗanda suka fi matsayi, suka ci, kowace da tazarar maki 10 ko fiye.

Iyakar wannan lissafi

Kada ka ɗauki alƙaluman nan kamar an sassaƙa su a dutse. Lissafin Stern ya fi aiki a tsakiya, inda wasanni suke da yawa. A can gefe, wajen maki 40 da 45, wasannin kaɗan ne, tazarar da ake sa wa ƙananan makarantu ba a tace ta sosai ba, kuma babba kan cire gwanayensa da zarar ya yi nisa. Lissafi ya ba Stanford damar da ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ba zan rantse a kan wannan lamba ba kamar yadda zan amince da ta maki 7. Sannan gasar jami'o'i tana cikin sauyi mai girma. Tun Yulin 2021 an halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu, sauya makaranta ya zama abu mai sauƙi, daga 2025 kuma makarantu na iya biyan su kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko a duka wasanni. Wannan yana yanka ta fuska biyu. Gwanin da da zai zauna a bencin Alabama yanzu yana iya tafiya inda za a sa shi wasa, shi ya sa Indiana ta tashi daga nasara 3 a 2023 zuwa 11 a 2024 da koci Curt Cignetti da yaran da ya taho da su daga James Madison. Amma ƙaramar makarantar da ta raini tauraro, da zarar ya haskaka sai mai kuɗi ya ɗauke shi. Hasashena shi ne makarantun tsakiya za su ƙara matsowa kusa da manya, na can ƙasa kuma su ƙara nisa.

Abin da ya fi damuna ba lissafi ba ne, jadawali ne. Rukunin Big Ten, ɗaya daga ƙawancen manyan makarantu, ya daɗe yana buga wasa tara a tsakanin 'ya'yansa, takwaransa SEC ma ya sanar da komawa tara daga 2026. Kowane wasa da manya suka ƙara a tsakaninsu gurbi ne da ke iya kuɓuce wa ƙaramar makaranta, tare da kuɗin da take biyan tallafin karatun 'yan wasanta da shi, har da na 'yan mata masu wasannin da ba sa kawo ko sisi. Masu talabijin sun fi son manya da manya, kuma su ne ke biya. Idan ka samu dama a Satumba mai zuwa, ka sayi tikitin wasan da makarantarku za ta yi da wata wadda ba ka taɓa jin sunanta ba, ka lura da minti nawa baƙin suka riƙe ƙwallo kafin hutun rabin lokaci, da kuma sau nawa masu gida suka zubar da ita.